Kunnen da Na Hana a Tsaga

Makon jiya jikana ya kama ni a kasuwar dabbobi ta Gaya ina leƙen kunnen saniyar mutane. Ragon suna muka je nema, amma ƙafata ta ja ni gefen shanu, na tsaya gaban wata jar karsana, na kama kunnenta na dama na juya, na bi gefensa da babban yatsa. Mai ita ya zaci saye zan yi, har ya fara buɗe mini bakinta in ga haƙora. Jikana kuwa kunya ta rufe shi, ya ce, "Hajiya, don Allah mu tafi, ana kallonmu." To, a kalla mana! Tun ba a haifi ubansa ba nake wannan leƙen, ba kuma yau zan daina ba. Amma da muka koma gida na ga ya kamata in faɗi dalili, kada a ce tsufa ne ya fara taɓa ni.

Ƙauyenmu yana tsakanin Gaya da Tanda, bayansa fadamar shinkafa, gabansa kurmin giginya. Lokacin da nake ba ku labari Nasara bai tafi ba tukuna, kumandan mai mulkin ƙasar yana nan, ba a kuma gama gadar kogi ba. Mu ba makiyaya ba ne, manoma ne. Babana yana da shanu huɗu a hannun wani dattijon Bafillace da ke kiwo wa rabin garin, da safe ya kora su, da la'asar ya maido kowace turkenta. Kakata, uwar babana, tana da saniya guda tak, baƙa, tsohuwa, ƙahonta ɗaya a karkace. Guzuma muke ce mata. In kun ga yadda kakata ke ji da wannan saniya, sai ku rantse ƴar sarki ce aka ba ta riƙo.

Akwai dalili. Shekarar da aka haife ni ciwon bushiya ya shigo ƙasarmu. Yaran yanzu ba su san shi ba, Allah kada ya sa su sani. Ciwon shanu ne, ya fara da zazzaɓi da hawaye, ya ci baki, ya ƙare da zawo, cikin kwana bakwai ko takwas ya kwantar da garke. Kakata shanu bakwai gare ta a lokacin. Shida suka mutu. Guzuma, tana karsana, ita ma ta kwanta har an fidda rai, amma kakata ta zauna a kanta da kunun dusa da kanwa, tana ɗura mata kaɗan-kaɗan da ludayi, har Allah ya tashe ta. Tun daga nan, in an ji ƙishin-ƙishin ciwon a wani gari, kowa hankalinsa ya tashi, ban da kakata.

Ni kuwa Allah ya yi ni da bakin tambaya. Uwata takan ce tun ina goye nake nuna abu da yatsa. Kakata ce kaɗai ba ta gajiya da ni, ko da yake ita ta raɗa mini sunan "ƴar me-ya-sa". Wata safiya tana tatsa, ina riƙe mata ƙwarya, na ce, "Kaka, me ya sa ba ki tsoron bushiya ta dawo wa Guzuma?"

Ta ɗago, ta kama hannuna ta ɗora a kumatunta. Fuskar kakata duk ramuka ce ƙanana, tun daga goshi har haɓa, zanen agana da ta yi tana yarinya. Ta ce, "Kin ji wannan? Duk wanda agana ta kama a garin nan ni ake kira in yi jinya, in wanke shi, in kwashe tabarmarsa, ko atishawa ban taɓa yi ba. Ciwo in ya gwada ki ya kasa, ya san fuskarki. Ba ya dawowa." Na yi kwanaki ina juya maganar nan. Na riƙa zuwa ina duban fuskar Guzuma, ina neman inda ciwon ya yi mata alama da zai gane ta.

Abin da na samu a fuskar tata wani tudu ne a kan karan hanci, mai tauri, kamar ƙaramin ƙaho da ya fasa fitowa. Na tare dattijon Bafillacen a bakin burtali na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce wannan ba na bushiya ba ne, na ciwon huhu ne, kuma aikin hannunsa ne. In saniya ta mutu da ciwon huhu, sai ya yanko ɗan guntun huhunta, ya tsaga fatar hancin masu lafiya, ya cusa musu. Wurin ya kumbura, su yi ƴan kwanaki ba daɗi, su warke, shi ke nan ciwon huhu ya bar su. Haka ubansa ya koya masa, haka uban ubansa. Na ce, "Wato da hannunka kake ba su ciwo?" Ya ce, "Ƙarami nake ba su, don kada babba ya zo." Na tafi gida baki buɗe.

Bayan damina ta ɗauke Guzuma ta haifi maraƙa, baƙa kamar uwarta, da farin tabo a goshi. Ranar da ta cika kwana bakwai kakata ta kama igiyarta ta sa a hannuna a gaban babana da uwata, ta ce, "Wannan taki ce. Jinin Guzuma ce, ba abin da zai taɓa ta." Na sa mata suna Goshi. Ba zan ɓoye muku ba, son da na yi wa maraƙar nan ban yi wa ƙannena ba. Kunnuwanta dogaye ne, masu laushi, cikinsu da wani farin gashi, in na sosa gindinsu sai ta lumshe ido ta jingina kanta a cikina har ta kusa ka da ni. Da warin nono take, da warin hayaƙin da ake turara musu da yamma don sauro.

Goshi tana da wata uku, an gama yankan shinkafa, sanyi ya fara shigowa, sai mai shela ya zaga gari: kumandan ya ce gobe a fito da shanu duka, likitan shanu zai zo yin allurar bushiya. Aka kafa shingen itace a bayan gari, mai ƙunci, saniya ɗaya-ɗaya ke wucewa. Da hantsi kamyo, babbar motar kaya, ya iso yana tari. Wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya fara dira, sannan likitan, baƙin mutum ɗan siriri da gajeren wando, Hausarsa da ɗan gargadar Zabarmanci. Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne awaki uku da aka sauko da su daga bayan motar, aka ɗaure a inuwa. Nan take magana ta zaga: jinin akuya ne ake sa wa shanu.

Kakata ta ce, "Jinin me? Taɓɗi!" Ta ja zanenta ta gyara. Ta fito da Guzuma ne kawai don kada gardi ya shigo mata gida.

Ni kuwa ina can gindin shinge, idona kamar ya faɗo. Ana tura saniya, maza biyu su riƙe ƙaho, likita ya caka allura a wuya, wani ya kama kunnen dama da ƙarfe mai kama da awartaki ya ɓantare gefensa, don a san an yi mata. Saniya ta yi ƙara, jini ya ɗiga, a sake ta. Allurar ba ta dame ni ba, kunnen ne. Guntayen kunnuwa suka taru a ƙasa, kaji suna tsinta.

Da aka zo kanmu kakata ta tsaya a gaban saniyarta ta ba likita labarin shekarar da aka haife ni, tun daga farko, ba ta tsallake ko ludayi ɗaya ba. Dattijon Bafillacen ya shaida. Na zaci likita zai yi faɗa. Ina! Sai ya shafa wuyan Guzuma ya ce, "Inna, kin yi gaskiya. Wadda ta yi ciwon ta tashi ta fi ƙarfin allurata. Ku wuce da ita." Ya dubi Goshi da ke maƙale da ƙafar uwarta, ya ce, "Wannan ma ba yanzu ba. Nonon uwarta yana tsare ta, ko na yi mata yau ba za ta kama ba. Amma ki ji ni da kyau, Inna, tsarin nono aro ne. In aka yaye ta zai tafi. Baɗi war haka ku kawo ta."

Ana jan shanunmu na saki igiya na koma da gudu. Na ce, "Likita, me ya sa akuya?" Gardi ya ɗaga bulala zai kore ni, likitan ya hana shi. Ya durƙusa daidai tsayina ya ce, "Kina kallon kokawa?" Na ce ina kallo. Ya ce, "To, ciwon nan ƙato ne. Sai a bi da shi ta jikin akuya, daga wannan zuwa wannan, har ya gaji, ƙafarsa ta yi sanyi. Shi muke kawo wa saniya. Ta kama shi ta ka da, ta koyi kamunsa. Ran da ƙaton ya zo da ƙarfinsa, ta riga ta san inda ake kama shi." Ya miƙe ya koma aikinsa. Ni kuwa na tsaya nan, don na gane maganar. Ita ce dai maganar dattijon Bafillace, sai dai wannan da allura, wancan da wuƙa.

A hanyar gida na faɗa wa kakata haka. Ta ce, "Ke, rufe mini baki. Huhun saniya a hancin saniya daban, jinin akuya a wuyan saniya daban." Amma fuskarta cike take da fara'a, duk wadda muka gamu da ita sai ta tsaya ta ce mata likitan Nasara da bakinsa ya ce Guzuma ta fi ƙarfin allura, kuma nononta tsari ne. Na ce, "Kaka, ai ya ce aro ne, zai tafi." Ta ce, "Na ji shi sarai, kunnena ƙalau. Ya tafi ina? Ƙashin maraƙar nan da me aka gina shi, ba da nonon ba? In an yaye ta ƙashin zai bi nonon ya tafi? Yaro ne, abin da aka koya masa a lakwal, makarantar Nasara, yake faɗi." Har yau in na tuna, sai in ga tambayar tata ba ta wauta ba ce.

Abin da ya biyo baya ya ƙara mata ƙarfi. Kwana huɗu da yin allura shanun garin suka kama zazzaɓi, suka ƙi ci, idanunsu suna ruwa. Na babana suka yi kwana uku suka miƙe. Amma san maƙwabcinmu, wani ja mai ƙaton tozo da ake zuwa kallo, ya kwanta bai tashi ba. Lafiyarsa lau aka kai shi shinge. Ba wanda ya isa ya ce wa mutumin nan komai, ya zauna a ƙofar gida kwana biyu ba ya amsa gaisuwa. Kakata ta dubi babana ta ɗaga gira.

Shekara ta zagayo. Goshi ta bar nono da kanta tun cikin damina, ta yi tsawo, ƙahoninta suka fito kamar yatsu biyu. Aka yanke shinkafa, mai shela ya sake zagawa.

Da la'asar babana ya zo ƙofar ɗakin kakata ya tsuguna, ya cire hula, kamar yadda yake yi in maganar mai nauyi ce. Ya ce, "Inna, gobe a kai karsanar nan." Ta ce ba za a kai ba. Ya ce likita ya faɗa. Ta ce likita ya faɗa wa maƙwabci ma. Babana mutum ne da bai taɓa ɗaga murya a gaban uwarsa ba, sai ya kama zane a ƙasa da tsinke. Can ya yi wata dabara da ya zaci za ta fisshe shi. Ya ce, "To, Inna, karsanar ai ba taki ba ce, ba tawa ba. Kin ba yarinya. A tambaye ta." Ya san na fi kowa yawan maimaita maganar kokawar nan, ya tabbata bayansa zan bi.

Suka juyo suna dubana, su biyu. Ina da shekara goma sha ɗaya.

A nan ne nake so ku saurare ni, don shekaru da yawa in na ba da labarin nan ƙarya nake yi a wannan wurin. Nakan ce tausayin kunnen Goshi ne ya kama ni. Gaskiya ne, akwai wannan, ban so kaji su tsinci kunnenta ba. Nakan ce kuma ban iya kunyata kakata a gaban ɗanta ba. Shi ma akwai. Amma abin da ya fi nauyi a zuciyata a wannan la'asar wani abu ne daban. So nake in sani. Shekara guda cur ina ɗauke da maganganu biyu a kaina, ta kakata da ta likita, kowace in na juya ta sai in ga gaskiya ce. Na lissafa a raina cewa in aka yi wa Goshi allura ta rayu, har abada ba zan san ko nonon ya isa ba. In ba a yi mata ba kuwa, zan gani da idona. Ban taɓa kawo wa raina yadda ganin zai kasance ba. A tunanina na yarinya, ciwon zai zo ya dubi goshinta, ya gane ta ko kada ya gane ta, ni kuma ina gefe ina kallo kamar a filin kokawa.

Na ce, "Kada a kai ta."

Babana ya dube ni ya daɗe. Ya maida hularsa ya ce, "Shi ke nan, uwata. Taki ce." Ya tashi.

Washegari da sassafe, kafin kamyo ya iso, na ja Goshi muka shige kurmin giginya, can ciki inda hanya ba ta bi. Kakata ta ƙulle mini dafaffen muruci da ɗan dunƙulen fura a gefen zane. Muka wuni. Ganyen giginya yana kaɗawa a sama da wannan ƙarar tasa kamar ana yayyafi, daga nesa kuma ina jiyo kukan shanu a shinge, ɗaya bayan ɗaya. Duk sanda wata ta yi ƙara sai Goshi ta ɗaga kunnuwa, ni kuma in shafa su in ce mata, "Ke kin huta." Daɗi na ji a ranar, kada in yi muku ƙarya. Ji nake na fi kowa wayo a garin.

Sanyi ya wuce lafiya. Bazara ta shigo, tafkuna suka ƙafe, shanun ƙauyuka duka suka koma shan ruwa a kogi. A lokacin ne fatake ke koro garkuna daga arewa su ƙetare da su zuwa Dahome, sukan yada zango a mashaya kwana biyu ko uku suna jiran a ƙetarar da su. Wani garke ya tashi ya bar mushe biyu a bakin ruwa. Dattijon Bafillacen ya dawo da la'asar bai shiga gidan kowa ba, ya tsaya a ƙofarmu ya kira babana, suka yi magana ƙasa-ƙasa. Na ga babana ya waiwayo ya dubi turken Goshi.

Kwana shida ba abin da ya faru. Na fara cewa a raina kakata ta ci. A rana ta bakwai da safe na kai wa Goshi harawa, ta sunkuya ta shinshina ta bari. Na taɓa kunnenta, zafi kamar an ɗauko shi daga murhu. Gashin bayanta ya tashi tsaye. Daga idanunta biyu hawaye ne ke gangarowa, sun yi hanya a baƙar fuskar nan har haɓa.

Na ruga na kira kakata. Ta zo ta buɗe bakin karsanar ta duba dasashi, ta saki. Ta koma ta ɗora tukunya.

Duk abin da ta yi wa Guzuma shekarar da aka haife ni ta yi wa Goshi, har da ƙari. Kunun dusa da kanwa, ruwan saiwa, rumfar zana don rana, ludayi bayan ludayi. Ni ke riƙe kan, ita ke ɗurawa, rabi ya shiga rabi ya zube mana a zane. Bakin ya fashe da gyambo, warinsa ba ya barin hannu ko an wanke da toka. Babana ya taka da ƙafa har Gaya cikin wannan rana ya zo da likitan a bayansa, likitan yana tura kekensa don yashi. Likitan ya duba ido, ya duba baki, sannan ya kama kunnen dama ya juya. Lafiyayye, ba tsaga. Ya gane mu, na ga ya gane mu. Na jira ya yi faɗa, wallahi da ya yi da na fi samun sauƙi. Sai ya ce a hankali, "Inna, allurata ta kafin ciwo ce, ba ta bayansa ba. Ku raba ta da sauran marasa tsaga. Ku ci gaba da ba ta ruwa. Wata takan tashi." Da zai tafi ya dube ni ya ce, "Yau ba tambaya?" Na sunkuyar da kai.

Abin da ba zan manta ba shi ne Guzuma. Ta tsinke igiya ta zo ta tsaya a kan ɗiyarta, tana lasar hawayen, tana lasar bakin nan mai gyambo, tana shan ruwa a kwatarniya ɗaya da ita, ko gezau. Can gefe shanun babana huɗu, kowace da ɓantararren kunne, suna kwance suna tuƙa abinsu. Ga amsar tambayata a tsakar gida ɗaya, a fili, ba abin da ya ɓuya. Na samu abin da nake so in sani, na kuma tsani kaina.

Rana ta takwas da kamuwarta, da hantsi, Goshi ta miƙe wuya a kan cinyata ta cika. Doka ta hana a feɗe wadda bushiya ta kashe, sai aka ja ta bayan gari aka haƙa rami aka binne ta da fatarta. Kafin a tura ƙasa na sauka na shafa kunnen nan sau ɗaya. Ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Na yi kuka har muryata ta dushe. Kakata ba ta yi ba. Kwana uku tana aikinta ba ta kula kowa. A rana ta huɗu da la'asar tana zaune tana tsintar shinkafa a faifai, na zo na zauna kusa da ita, na ce, "Kaka, laifina ne. Ni na ce kada a kai ta. So nake in ga wa ke da gaskiya." Karo na farko ke nan da na faɗa, ban kuma sake faɗa ba sai yau.

Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da ture tsakuwa da yatsa. Can ta ce, "Ubanki yana da yaya mace."

Ban taɓa ji ba. Ƴar fari ce, kuma matan lokacin ba su kama sunan ɗan fari ko yana raye, balle ya mutu.

Ta ce, "Shekara biyu cur na shayar da ita, da wannan fuskar tawa. Agana ta shigo gari tana goye, ina jinyar mutane da ita a bayana, ba abin da ya same ta. Na ce ta sha a nono. Na yaye ta. Bayan shekara biyu agana ta dawo, ban ɓoye ta ba, ban kai ta ƙauyen uwata ba kamar yadda sauran mata suka yi da nasu. Tana tafiya da ƙafarta, tana kirana." Ta karkaɗe faifan. "Na ce baki ne aka yi mata. Shekara arba'in ina cewa baki ne. Da yaron nan ya ce aro ne, na ji shi har cikin cikina. In na yarda da shi a kan maraƙa, to na yarda da shi a kan ɗiyata. Shi ya sa na ƙi."

Sannan ta ɗago ta dube ni, ramukan fuskarta cike da ruwa. Ta ce, "Ba laifinki ba ne, ƴar me-ya-sa. Ke ba ki sani ba kika tambaya."

Guzuma ta sake haihuwa sau ɗaya kafin ta mutu, ɗan maraƙi. Shekarar da aka yaye shi, ranar da mai shela ya zaga, kakata ce ta fara isa shinge, tun kamyo bai zo ba. Ta hana mazan nan taɓa shi. Ita da kanta ta kama kunnen dama ta miƙa wa mai awartaki, ta kau da kai.

Yau an ce bushiya ta ƙare a duniya ɗungum, jikana da ya yi lakwal mai zurfi ne ya faɗa mini, ya ce allurar ce ta cinye ta. Shanun yanzu ba a ɓantare musu kunne don ita, sai dai a maƙala musu wata ƴar roba. Musun dai bai ƙare ba. Ina jin matasa masu kiwon kaji da tumaki suna yi, wannan ya ce allura, wancan ya ce a bar dabba ta yi ƙarfi da kanta kamar na kakanni. Ba na sa musu baki sosai. Mai maganar ƙarfin jiki ba ƙarya yake ba, na ga Guzuma da idona. Sai dai nakan tambaye shi ko ya san shida aka binne kafin a sami Guzuma ɗaya, kuma abin da ta samu ɗin ba ta iya bar wa ɗiyarta ba.

Ƴaƴana tara, ba wanda ban kai an yi masa lambar agana a dantse ba, ina riƙe da hannun da kaina. Ranar da jikana ya ja ni daga kasuwa, da muka hau hanya ya ce, "Hajiya, wai me kike nema a kunnen saniyar nan?" Na ce masa tsaga nake nema. Ya ce ai lafiyayye ne, kyakkyawa, ba abin da ya taɓa shi. Na ce na gani, ɗana, haka na Goshi yake.